Tsatsar da Muka Shuka da Hannunmu

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaban?", ga shi. Wanda ya ce na jiya ya yi gajarta, yau ya karanta a hankali.

*

Kore.

Abin da na fara gani ke nan da na tsallaka magudanar ruwa na shiga gonar gwaji. Kore shar, daga wannan gefe har wancan, kamar an bi ta da soso da sabulu.

Duk manomin da ya ga gonar nan zai ce masha Allah. Ni kuwa innalillahi na ce.

Mu ba don ta yi kyau muka shuka ta ba. Don ta kamu da cuta muka shuka ta.

Haka aikin yake a ma'aikatarmu ta binciken iri. Irin alkama ne ɗaruruwa, kowanne da ɗan layinsa da fegi mai lamba. Shekaru ana aurar da wannan da wancan kafin a same su. Ni ne mai ɗaurin auren, ina durƙushe cikin rana da hantsaki ina tsince namijin fure ɗaya bayan ɗaya, har ma'aikata suka manta sunana suka koma ce min Hantsaki. In an shuka su, sai a zagaye su da wata alkama da muke ce wa Raguwa, wadda ko labarin cuta ta ji sai ta kwanta. Da gangan mu barbaɗa wa Raguwa garin tsatsa, cutar da ke mai da ganyen alkama ja. Ta kamu, ta shafa wa sauran. Irin da ya tsaya da ƙafarsa a tsakiyar cutar shi ake nema. Wanda ya faɗi a zubar.

In cutar ba ta kama ba, kowa jarumi ne. Shekarar ta tafi a banza.

Makon jiya Raguwa ta yi jawur. In ka ratsa ta, wandonka sai ya koma kamar ka zauna kan tsohon kwanon rufi. Na bar ta haka na tafi ɓangaren aure, don fure ba ya jiran kowa. Yau na dawo.

Na durƙusa na ja ganye ɗaya. Tabon tsatsar na nan, amma ya bushe ya yi baƙi. Na murza da yatsa. Ko ɗigon ja bai fito ba. Sabon ganyen da ke sama kuwa lafiyarsa lau.

"Ikon Allah! Hantsaki, ashe har da warkarwa ka iya?"

Ban juya ba. Difiloma ne. Ba ya iya magana uku bai ambaci difilomarsa ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Ni da shi muke harin kujera ɗaya, ta ma'aikacin dindindin da za a cike ƙarshen watan nan. Shi yana da takarda. Ni daga sakandare na tsaya.

Ya tsugunna kusa da ni yana ɗage bakin wandonsa kada ya taɓa laka.

"A makaranta an koya mana, wannan sunansa..."

"Ba a tambaye ka ba."

"Ah to. Ni dai taimako na zo yi. Dakta ta gani?"

"A'a."

"Kada ka damu, ka huta," ya ce yana miƙewa. "Na riga na kira ta."

*

Dakta ba ta ɗaga murya. Da ma ta ɗaga, da sauƙi.

Ita ce shugabar sashenmu. Ta zo gonar, ta zagaya, ta tsinki ganye daga wuri-wuri ta zuba a ambulan, ta ce mu biyo ta ɗakin gwaji.

Sanyin ɗakin ya daki gumin bayana. Firij na gurnani a kusurwa. Ta kankare tabon da allura a kan ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta tura ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ta daɗe idonta a ciki.

Ta ja kujerarta baya.

"Zo ka duba da kanka."

Na duba. Garin tsatsa mai rai na san shi, ɓul-ɓul yake, launin lemo, kamar an zuba 'yan duwatsun ado. Waɗannan duk sun motse, sun yamushe.

"Me ka gani?"

"Sun mutu, Dakta."

"Zafi ne ya kashe su?"

"Zafi bai kai haka ba tukuna."

Ta miƙo min ganye. "Shinshina."

Na shinshina. Can ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin ƙamshin ɗanyen ganye, akwai wani wari mai ɗaci. A gindin ganyen, inda ruwa ke taruwa, wani fari-fari ya bushe.

"An yi feshi," na ce.

"An yi feshi," ta maimaita. "Wani ya shiga gonar da muka sa wa cuta da hannunmu, ya ba ta magani. Ba layi ɗaya ba. Duk gonar. Kuma wanda ya iya feshi ne, ko lungu bai bari ba."

Difiloma ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, makullin sito ai wajen Hantsaki yake."

"Na duba sito," ta ce ba ta ko kalle shi ba. "Famfunan feshinmu gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. Daga waje aka shigo da wannan."

"To ko dai wani ne ya ga cutar ba ta kama yadda ake so ba, ya nemi abin fakewa? Ni dai a iliminmu na difiloma..."

"Fita ka wanke min kwalaben can."

Ya fita. Ya bar ƙofar a buɗe kaɗan, don kunnensa.

Ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Ka san shekara nawa irin nan suka ci kafin su zo gonar nan?"

"Na sani."

"Ka san manya na zuwa makon gobe su ga wanda ya tsira? Me zan nuna musu? In ce ga su nan, duk sun ci jarrabawa don an sace tambayoyin?"

Ta nuna ni da tabarau.

"Na tsaya maka a gaban hukuma, Hantsaki. Sun ce ba ka da takarda. Na ce hannunka ya fi takarda. Sun ce in wani abu ya faru fa? Na ce a wuyana." Ta mayar da tabarau. "Gonar nan a hannunka take. Kafin a tashi aiki yau ina son sanin wanda ya yi. Ko wane ne, yau zai bar ma'aikatar nan. In ba a same shi ba, ka san wanda zai tafi."

"Na sani, Dakta."

"Abu ɗaya ya rage mana. Ɓangaren da aka shuka a baya-bayan nan, na can bayan injin ruwa, ba a taɓa shi ba, na duba. Kwafin irin ne, duk da ba duka ba. In muka ɗebi tsatsa mai rai daga tukwanen ɗakin gilashi muka barbaɗa masa da yammar nan, za ta kama kafin zafi ya shigo. Mu tsira da rabi."

Ɗakin gilashi nan muke kiwon cutar. Tukwane ne jere da 'yan shuke-shuken Raguwa, tsatsa na ci suna ba mu gari. Duk tsatsar da muke da ita a ma'aikatar nan tana cikin ɗakin nan.

"Makullin na wajenka?"

Na dafa aljihu. Wayam.

Ranar da na fara aikin aure na ba Baba, mahaifina, makullin ya riƙa ba tukwanen ruwa. Dokar ita ce kada ya bar hannuna.

"Yana wajena," na ce.

"To je ka nemo min mutumin. Mu haɗu a ɗakin gilashi da la'asar."

*

Na koma gona ina tafe ina zagi a zuci. Mai gadi na fara zargi. Sai manoman da ke maƙwabtaka da mu, masu cewa cutarmu za ta tsallaka musu. Har Difiloma na ɗora a sikeli, na sauke shi. Wannan ba zai iya goya famfo ba tare da ya fara neman wanda zai ɗauke shi hoto ba.

A kan kunyar da ke tsakanin layuka na gan shi.

Wani siririn layi a ƙasa, ɗigo-ɗigo, ciyawa ta ƙone a kansa. Ya bi kunyar har ƙarshe, ya juyo ta ɗaya kunyar. Kullum ta hannun hagu.

Famfon da ya yi feshin nan yana yoyo ta hagu.

Na tsaya.

Na san famfo ɗaya mai yoyo ta hagu. Tun ina ƙarami nake bin bayansa da bokitin ruwa. Shi kaɗai ya rage mana bayan an sayar da gona, yana rataye a ƙusa bayan ƙofar gidanmu, an ɗaure bututunsa da jar roba. Kwanakin nan in na fito da safe ina ganin ƙusar tsirara. Idona ya gani, kaina bai ɗauka ba.

Inna ma shekaranjiya ta yi ta mita, wai rigar Baba wari take kamar shagon maganin ƙwari.

Na bar gonar. Na nufi ɗakin injin ruwa.

Baba ne mai ban ruwa a nan. Ni na roƙar masa aikin farkon shukar bana, don zaman gida na neman kashe shi. Na same shi a tsugune yana ɗaure bel ɗin inji, injin na ta ruri. Na miƙa hannu na kashe.

Ya ɗago. Da ya ga ni ne sai fuskarsa ta washe.

"Auta! Ka je ka gani ke nan."

"Baba..."

"Na so in bari sai Likita ta yaba maka tukuna, sannan in gaya maka." Haka yake ce wa Dakta. Ya goge hannu da tsumma yana dariya. "Ka ga yadda ta farfaɗo? Kwana nawa! Ai ni alkama ba ta yi min gardama."

Can bayan durom ɗin mai, an rufe shi da buhu, bakin jar robar ya leƙo.

"Kai ka yi feshin?"

"To wa zai yi? Wancan mai ɗaga wandon?"

"Duk gonar?"

"Da sassafe nake shiga kafin iska ta tashi. Bayana har yanzu bai dawo daidai ba. Famfon ya tsufa kamar ubangidansa, amma ya yi ƙoƙari."

"Ina ka samo maganin?"

Ya kawar da kai. "Wannan ba damuwarka ba ce."

"Baba."

"Rediyon nan na ba mai shagon. Da ma surutu ya yi mata yawa."

Rediyon da ba ya iya karyawa sai tana kunne. Ashe shi ya sa gidan ya yi tsit da safe.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Baba, cutar muke so!"

Ya tsaya da tsumman a hannu.

"Wace cuta?"

"Tsatsar! Ita muke nema! Ita ce aikin gaba ɗaya!"

"Kai, rage murya. Da ubanka kake magana."

"Ni na zuba ta, Baba. Da hannuna."

Ya dube ni kamar wanda ya ji ɗansa ya fara sambatu a kasuwa.

"Ka zuba ta."

"E."

"Tsatsa."

"E!"

"Hodar nan da na gan ka kana barbaɗawa da yamma, kana rufe hanci da ƙyalle..."

"Ita ce. Garin cutar ne aka haɗa da hoda."

"Innalillahi." Ya laluba bayansa ya zauna kan bakin durom. "Ni na ɗauka magani kake sa mata bai ci ba. Na ce an sayar wa ofis na jabu. Ina gani kullum tana ƙara ja, kai kuma kana dawowa gida fuska a murtuke, ba ka ci, ba ka magana. Uwarka ta ce min aikinka a kan gonar nan ya rataya, manya za su zo dubawa. Na ce su zo su tarar da gonar ɗana a haka? Ina raye?"

"Ai haka ake so su tarar da ita!"

"Wace irin likita ce wannan mai kiwon cuta?"

"Ana so a ga irin da zai jure ne. In an same shi a raba wa manoma, tsatsa ta zo ta wuce ba ta yi musu komai ba. Yanzu duk sun warke, ba wanda zai san mai jurewa da marar jurewa. Aikin shekaru, Baba. Shekaru!"

Ya sunkuyar da kai. Leɓensa na motsi, yana juya maganar.

"Irin da tsatsa ba ta ci," ya ce a hankali.

"E."

"Akwai irin wannan?"

"Da yana cikin gonar nan. Da makon gobe mun san shi."

Na ga maganar ta shige shi. Na ga inda ta sauka. Kafaɗunsa suka zube.

"Ka tuna shekarar da ta shigo mana?" ya ce. "Kai ka gama sakandare, kana jiran a kai ka gaba. Na kwanta da gona, na tashi da kara. Zangarniyar in ka murza sai ƙaiƙayi. Daga nan gonar ta tafi, karatunka ya bi ta. 'Yan ajinku suka wuce kana zaune a ƙofar gida. Ina kallonka ta taga." Ya ɗago. "Abin da ya yi min wannan, in gan shi a gonarka, in buɗe ruwa in wuce?"

"Da ka tambaye ni!"

"Na tambaye ka."

"Yaushe?"

"Ranar da ta fara ja. Nan, bakin ƙofar nan. Na ce Auta, alkamar nan ba ta da lafiya fa. Ka tuna abin da ka ce?"

Na tuna.

"Ka ce, 'Baba ba za ka gane ba, kai dai ka buɗe ruwa ka rufe.' Ko tsayawa ba ka yi ba. Na sake tambaya a gida, ka ce ka gaji." Ya ninke tsumman ya ajiye a gwiwa. "Yanzun nan ka yi min bayani, numfashi biyu. Ga shi na gane."

Ruwa na ɗiga daga bututun inji, ɗis, ɗis.

Na kai wa bango naushi. Bangon bai ji komai ba.

"Me Likita ta ce?"

"Ta ce wanda ya yi, yau zai tafi."

"In ba a same shi ba fa?"

Na kalli hannuna, fatar ta ɗaye.

"Kai ne za ka tafi," ya ba kansa amsa. Ya miƙe yana gyara hula. "To mu je."

"Ina?"

"In faɗa mata mana."

"Ba inda za ka."

"Kai, yaron nan."

"Ka san yadda za a yi? A gaban leburori za a karanta maka. Mai gadi ya raka ka bakin get yana caje maka aljihu. Wancan ɗan iskan ya yi ta ba da labarinka har ya tsufa. Kuma ba zai cece ni ba, ni na kawo ka, ni na tsaya maka. Mu tafi mu biyu ke nan, Inna ta ci me?"

"To ƙarya za ka yi mata?"

"Zan ce ban gano ba. Akwai sauran ɓangaren baya. In muka sa masa cutar yau ta kama, ƙila ranta ya yi sanyi ta bar maganar."

"Ina za ku samo cutar?"

"Wannan ba... Ka bar min wannan. Ba ni makullin ɗakin gilashi."

Hannunsa ya tsaya a bakin aljihu.

"Auta, akwai kuma abin da..."

"Baba, don girman Allah ka yi shiru. Kaina zai fashe."

"Wai ɗakin nan nake son in..."

"Na ce ka bari! Ka zauna a nan. Kada ka fito, kada ka yi wa kowa magana. Famfon nan kuma ka tura shi cikin rami har a tashi."

Ya dube ni. Ya zaro makullin a hankali ya sa min a tafin hannu. Yatsunsa duk sun yi saɓa, maganin ya ci su.

Na fita ban waiwaya ba.

*

Na tarar da su a ƙofar ɗakin gilashi. Dakta da 'yan kwalaben ɗibar gari a faranti. Difiloma riƙe da buroshi da gwangwanin hoda, ya sa farar riga har da safar hannu, kamar mai shiga tiyata.

"Ka gano?" ta ce.

"Ban gano ba tukuna, Dakta."

"Hmm," in ji Difiloma. "Aljanu ne ƙila. Aljanu masu son noma."

Dakta ta daɗe tana kallona. Idonta ya sauka kan hannuna da ya ɗaye. Ba ta tambaya ba.

"Ka ci abinci yau?"

"Na ci."

"Ba ka ci ba." Ta sauke numfashi. "Ji nan. Ban ce kai ka yi ba. Mutumin da ke yini a durƙushe kan fure ɗaya ba zai yi wannan ba. Mu fara ceton abin da zai cetu. In tsatsar ta kama a ɓangaren baya, ina da abin da zan riƙe in je gaban hukuma da shi, in ce a ba ka lokaci. Ka gane?"

"Na gane. Na gode, Dakta."

"Buɗe mana."

Na sa makulli. Na murɗa. Na tura ƙofar.

Warin ne ya fara fitowa.

Mai ɗacin nan. Ba ƙasa-ƙasa ba wannan karon. Sabo, mai kauri, zafin ɗakin ya dafa shi tun safe, ya daki fuskokinmu gaba ɗaya. Difiloma ya ja baya yana tari.

An share ɗakin tas. Tukwanen da nake bari a warwatse an jera su layi-layi, manya a baya, ƙanana a gaba. Ganyen da cutar ta fi ci, masu ba mu gari, an tsinke su ɗaya bayan ɗaya an tafi da su. Sauran suna ta ƙyalli, fari-farin ya bushe a kansu. Har gilashin da ya yi wata ba a goge ba an goge shi.

Tsakanin teburan kuma, a kan siminti, siririn layi. Ɗigo-ɗigo. Ta hagu.

Abin da Baba yake son gaya min ke nan.

Dakta ta shiga. Ta bi tukwanen ɗaya-ɗaya tana juya ganye. Layin farko. Na biyu. Har bango. Ta durƙusa ta duba na ƙarƙashin tebur. Ta miƙe.

Ta ajiye farantin kwalaben a hankali, kamar mai tsoron kada su farka.

"Babu," ta ce. "Ko guda."

Difiloma ya buɗe baki. Ta ɗaga masa yatsa. Ya rufe.

"Gona kowa na iya tsallaka waya ya shiga," ta ce, muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ɗakin nan makullinsa ɗaya ne a duniya. Da safe na tambaye ka, ka ce yana wajenka."

"E."

"Wa ka ba?"

Na ga hular Baba a hannun mai gadi. Na ga leburori a tsaye suna kallo. Na ga ƙusar nan ta bayan ƙofa.

"Ban ba kowa ba."

"Ka yi tunani da kyau, Hantsaki. In ba ka ba kowa ba, ka san abin da kake gaya min."

"Na sani."

"Faɗa da bakinka."



"Ni ne."

"Kai ne."

"Ni ne, Dakta."

"Don me?"

Na kalli siminti.

Ta cire tabarau.

"Cire rigar ma'aikata. Ka ajiye hantsakin a kan tebur."

Na zaro hantsakin daga aljihun gaba. Bakinsa ya goge daidai yatsuna. Na ajiye. Na kama maɓallin farko na ɓalle. Na biyu.

Ƙiii.

Na san ƙarar nan. Hannun famfo ne in yana lilo a bayan mai tafiya.

Ƙiii. Ƙiii.

"Salamu alaikum."

Baba ne tsaye a bakin ƙofa, famfon a goye a bayansa, hularsa a hannu. Jar robar na ɗiga kusa da ƙafarsa ta hagu.

"Baba, na ce ka..."

"Yi min shiru. Yau ka hana ni magana sau biyu, ya isa." Ya juya wajen Dakta ya ɗan rusuna. "Likita, ki bar masa rigarsa. Ga mai aikin nan, ga kayan aikin. Gonar ni ne. Ɗakin nan ma ni ne, da safiyar yau."

Sannan ya dube ni.

"Na rasa gona a gabanka, na rasa komai kana gani. Amma ƙarya ba a gidana ka koye ta ba."

Dakta ta kalli famfon. Ta kalli ɗigon da ke taruwa a ƙasa, ta bi layin da ido har cikin ɗakin. Ta mayar da tabarau.

Ba Baba ta kalla ba. Ni ta kalla, maɓalli na uku yana tsakanin yatsuna.

"Ɗazu a ƙofar nan, da ka ce min ba ka gano ba," ta ce. "Ka riga ka sani?"